Rigar Leshin Da Ta Matse

"Ja numfashi, Malama Murjanatu. Kar ki riƙe shi."

Ta ja. Ta kafa ido a kan silin ɗin ɗakin, inda yoyon damina ya bar tabo mai launin shayi, don ta gaji da kallon allurar. Dokta Dantong ya lalubi ƙirjinta na hagu da yatsu biyu har ya sami ɗan maɓallin da ke ƙarƙashin fata, ya soka. Sukar ba ta dame ta ba, wurin ya daɗe ba ya jin komai. Abin da ke biyo baya ne take tsoro. A hankali ya riƙa tura ruwan gishirin, ita kuwa tana jin sanyinsa yana shiga, fata na miƙewa, ƙirji na ɗaurewa kamar an tamke ta da majanyi.

Bara war haka aka cire mata nonon hagu saboda ciwon daji. Ta sha wuyar magani har gashinta ya zube ya sake tsirowa. Da daminar bana ta kama sai wasu likitocin gyaran jiki suka zo wannan asibitin mishan, suka sa mata jakar roba a ƙarƙashin naman ƙirji, babu komai a cikinta. Duk bayan mako biyu, ranar Alhamis, ake ƙara wa jakar ruwa don fata ta saki ta yi wuri. In ta yi, sai a sake tiyata a fitar da jakar, a sa roba mai laushi wadda za ta zauna ke nan.

Mutanen Tudun Wada kuwa abin da suka sani shi ne, malamar firamaren nan 'yar gidan Ladan ta tafi ƙaro karatu Zariya ta dawo a rame. Ba wanda ya yi mamaki, an san karatu da ramarwa.

"Yanzu ya ɗan fi na dama," in ji Dokta yana zare allurar. "Haka muke so. Sai ya wuce shi sosai kafin mu tsaya."

"Dokta, da can hagu nake cusa wa soso. Yanzu na koma cusa wa dama don su zo daidai. Yaushe zan huta da soso?"

Ya yi dariya. Ita ba ta yi ba.

"Kin kusa. Kina dai shan ƙwayarki kullum?"

"Ina sha. Tana tayar mini da zuciya."

"Ki daure. Kuma na ji biki ya matso, to ki tuna wa oga abin da na gaya muku. Muddin kina shan ta, ba maganar ciki."

Ta gyaɗa kai, ta jawo hijabinta da hannun dama, don na hagu ba ya ɗaguwa ranar allura.

Muktar, wanda za ta aura, yana can inda ya saba tsayawa, a tsallaken titi, bayan mai gasa masara. Gaskiya dai a faɗe ta, Muktar ba mugu ba ne. Ranar da aka gaya mata sunan ciwon shi ta fara bugo wa, kuma bai gudu ba. Kowace ranar allura yakan rufe shagonsa na maganin dabbobi a Kara, kasuwar dabbobi ta Bukuru, ya zo da fulas ɗin shayi, ya tuƙa babur ɗinsa kamar ya ɗauko ƙwai, yana kauce wa kowane rami. Abu ɗaya ne bai taɓa yi ba. Bai taɓa tsallako titin nan ya zauna a bencin ƙofar likita ba, kada wani wanda ya san mahaifiyarsa ya gan shi.

"Sannu, Murja. Ya yi zafi yau?"

"Kamar kullum." Ta kurɓi shayin. "Muktar, ka gaya wa Hajiya."

Ya sunkuya yana gyara madubin babur, wanda ba abin da ya same shi.

"Bari dai a ɗaura. In an ɗaura, wa zai kwance?"

Amsar ke nan tun bara. Har ta haddace ta, har da inda muryarsa ke sauka. Ba ta da ƙarfin musu, sai ta miƙa masa murfin fulas ta hau.

"Ka kai ni kasuwar Taminus. Goggonka tana jira na wurin tela."

*

Tun da babbar kasuwa ta ƙone, Firisila tela ta koma ɗinki a wata rumfar kwano a bakin titi, tsakanin mai gwanjo da mai kaset. Ita kaɗai ce bare da ta san sirrin, don ita ke ɗinka sosunan, ta lulluɓe su da yadi mai laushi, kuma ba ta taɓa buɗe baki ba.

An riga an kawo lefe, akwatuna suna jibge a ɗakin Inna, mahaifiyar Murjanatu. Amma akwai wani leshi ruwan zuma da Hajiya Ummukulthum, uwar ango, ta ware da hannunta, ta ce shi amarya za ta sa ranar kai ta. Ta kuma ɗora wa ƙanwar mijinta, Goggo Hanatu, alhakin tsayawa a kan ɗinkin. Goggo Hanatu kuwa in aka ba ta aikin tsaron ƙofa, har tagogi take haɗawa.

"Amaryarmu, sai yanzu? Daga ina haka?"

"Daga makaranta, Goggo. Ina wuni?"

"Makaranta." Goggo ta dubi takalminta, ta dubi fuskarta. "To shiga ki gwada, hadari na haɗuwa."

Bayan labule Firisila ta taya ta zura rigar. Ta wuce kafaɗa, ta zo ƙirji ta tsaya cak. Firisila ta ja zif a hankali, ya ƙi. Murjanatu ta ciji leɓe, hawayen zafi ya cika mata ido.

"Anti Murja, sori," Firisila ta raɗa mata. "Wannan riga ya sake matse fa. An ƙara ruwa yau?"

Kafin ta amsa aka yaye labulen.

"Ya sake me?" Goggo ta tsaya riƙe da ƙugu. "Ke Firisila, wancan zuwan kin buɗa rigar nan. Wanda ya gabace shi ma kin buɗa. Leshin ne ke tsukewa ko tef ɗinki ne ke ƙarya?"

"Mama, abeg, laifina ne. Ni ne ban auna da kyau ba."

"Ke ce dai ba ki auna da kyau ba har sau uku, kuma kullum a wuri ɗaya?"

Idon Goggo ya sauka a kan ƙirjin Murjanatu ya zauna. Ba kallon mugunta ba ne, kallon lissafi ne, irin na matar da ta karɓi haihuwa ba adadi. Ta tuna rigunan maman da aka zuba a lefe bisa lambar da gidan amarya suka bayar da kansu. Ta tuna fuskar yarinyar da ta ciko kwanan nan.

Sai kuma tsautsayi ya ƙarasa aikinsa. Mai suyar ƙosai a gefen rumfar ta zuba sabon ƙulli a mai, ƙaurin ya shigo, ƙwayar da Murjanatu ta sha da safe ta motsa. Da kyar ta kai bakin kwata, rigar leshi a rataye rabi a jikinta, ta yi ta kelaya amai.

Firisila ta riƙe mata kai. Goggo Hanatu ba ta ce sannu ba. Ta naɗe mayafinta ta tare tasi mai zuwa Bukuru.

*

Kafin Juma'a ta zagayo magana ta gama gari. Wata ta ce ai ta sha ganin su a babur wajen asibitin mishan, kuma kowa ya san ranar Alhamis mata ke zuwa awon ciki a can. Wata ta ce dama karatun Zariyan nan ita bai kwanta mata ba. A makaranta malamai mata suka riƙa yin shiru in ta shigo ofis. Wata uwa ta zo ta nemi a sauya wa 'yarta aji.

Murjanatu tana jin duk wannan daga nesa, kamar rediyon maƙwabta. Kwanakin da ke bin allura ba ta iya kwanciya sai a jingine da filo, kafaɗa na zogi, baya na zogi, sanyin Jos kuma yana shiga jakar ya zauna mata a ƙirji. Mai fama da wannan ina ya ga ƙarfin bin bakin mutane?

Sai da abin ya taɓa Baba, mahaifinta, sannan ta farka.

Ya dawo daga sallar la'asar bai tsaya hira a ƙofar masallaci ba, abin da bai taɓa yi ba. Ya zauna a kan buzunsa ya sa Inna ta kira ta.

"Bappayo ya tare ni," ya ce, bai dube ta ba.

Bappayo dillalin shanu ne a Kara, matarsa ta rasu, kuma ya daɗe yana aike a kan Murjanatu ana ba shi haƙuri. Mutum ne da in ya kalli mace sai ka rantse zai buɗa bakinta ya duba haƙora.

"Ya ce ya ji abin da ya faru. Ya ce kada in damu, in mutanen Bukuru sun janye shi yana nan. A bari ki sauke, shi zai rufa mana asiri." Muryar Baba ta karye. "A gaban liman ya faɗa, Murjanatu. Yana ganin alheri yake yi mini."

"Baba..."

"Ni na ce a ɓoye ciwonki, don kada a riƙa nuna ki da baki. Ga inda ɓoyon ya kawo mu. Shekara nawa ina kiran salla a unguwar nan, yau na ɗaga murya ina jin kunyar muryata."

Inna ta fashe da kuka.

"To Malam ya za a yi? In ta faɗa su fasa. Wace uwa ce za ta yarda? In ta yi shiru ma su fasa, a bar ta da baƙin suna. Ni 'yasu, wannan yarinya me ta yi wa duniya?"

Murjanatu ba ta yi kuka ba. Ta nemi hawayen ta rasa. Ta dai ɗauki wayarta ta kira Muktar ta ce ya zo.

Ya iso ana yayyafi, suka tsaya a zaure, ruwa na buga kwano.

"Wallahi na gaya wa Hajiya ƙarya ne," ya fara tun kafin ya zauna. "Na rantse mata ban taɓa ko riƙe hannunki ba."

"Sai ta ce me?"

"Ta ce to me ke kai mu asibiti."

"Ka ce?"

A hankali ya ce, "Na ce olsa."

Dariya ta kuɓuce mata, busasshiya, har sai da ta dafe ƙirji don zafi.

"Olsa. Olsa ce ke matse riga, Muktar?"

"Murja, ki fahimce ni. Ni kaɗai ne namiji a wurinta. Tun rasuwar Abba ba ta da zance sai na jika. In ta ji ciwon daji, in ta ji an cire, in ta ji maganar ƙwayar nan, wallahi ta gama. Saura kaɗan fa. Ki daure mini, magana ce, za ta wuce."

"A kanka za ta wuce. Kai namiji ne, gobe ka buɗe shago a zo sayen maganin tsutsa. Ni aka cire wa yarinya daga aji. Ubana aka tare a masallaci."

"Na sani..."

"Ba ka sani ba. Bari in gaya maka abin da na gano a 'yan kwanakin nan." Ta jingina da bango, don tsayuwa ta fara gagarar ta. "An ce ka yi mini ciki, ka ji zafi, amma ka iya zama da shi. A ce matar da za ka aura nono ɗaya gare ta, wannan ne ba ka iya zama da shi ba. Ciwona ya fi ba ka kunya a kan zina."

"Subhanallahi! Murja, kar ki faɗi haka."

"To ƙaryata ni."

Hawaye ya zubo masa, ƙato da shi, ya sa hula ya rufe fuska.

"Ina son ki. Allah ya sani ina son ki. Tsoro nake ji."

"Na san kana so na. Ban taɓa shakka ba. Ni ma tsoron nake ji, ga shi kuma ni ake soka wa allurar." Ta share fuskarta, sai a lokacin ta ji ashe ita ma kukan take. "Na gaji, Muktar. Na gaji da soso, na gaji da Zariya, na gaji da tsallaka titi in same ka bayan mai masara. Ka je gida, ruwa zai yi ƙarfi."

*

Ranar Lahadi da hantsi tsohuwar fijo ta gidan su Muktar ta tsaya a ƙofar gidan Ladan. Shi ya tuƙo, aka bar shi a zaure. Hajiya Ummukulthum da Goggo Hanatu suka shige ɗakin Inna.

Hajiya doguwa ce, fara, mai ƙarancin magana. Bafulatana ce ta gaske wajen kunya. Muktar ɗan farinta ne, don haka tun da ta haife shi ba a taɓa jin ta kama sunansa ba, sai dai "kai" ko "yaron nan". Aka gaisa, aka kawo ruwa, ba wanda ya sha. Akwatunan lefe na jere a jikin bango, kowa na ƙoƙarin kada ya kalle su.

Goggo ce ta yi magana.

"Mu ba faɗa ya kawo mu ba. In ɗanmu ne ya yi ɓarnar, a gaya mana. Jininmu ne, ba za mu yar ba, a jira ta sauke a san abin yi. In kuma ba shi ba ne, to a ba mu kayanmu cikin mutunci. Ni dai idona bai taɓa yi mini ƙarya a kan mace ba. A kira ta in duba."

"Ga ni, Goggo."

Tana tsaye a bakin ƙofa. Ta shigo ta durƙusa ta gaishe su, sannan ta tashi ta saki labule. Inna ta kama gefen zanenta.

"Murjanatu, ki yi wa Allah..."

"Inna, ki bar ni. Ba ni da sauran ƙarfin ɗaukar sa."

Ta cire hijabi ta ninke. Ta sa hannu a rigarta ta ɓangaren dama ta zaro soson Firisila, ta ajiye a kan tabarma a gaban Goggo. Nan take ɓangaren ya faɗa, ɗayan ya tsaya shi kaɗai, a sama, ya fi shi girma. Sannan ta ɓalle maɓallan rigar.

Dogon tabo ne ya ratsa daga tsakiyar ƙirji zuwa hammata. Babu kan nono. Fatar ta miƙe tana sheƙi.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" Goggo ta ja da baya har ta bugi akwati.

Murjanatu ta matsa gaban Hajiya a kan gwiwoyinta. Ita da ba ta taɓa haɗa ido da matar nan ba, yau ta kamo hannunta na dama.

"Hajiya, ku gafarce ni. Ku taɓa. Ido yana iya ruɗin mutum, ya ruɗi Goggo."

Ta ɗora tafin a wurin. Hajiya ta so janyewa, sannan ta bari. Abin da ta ji tauri ne kamar ƙwallon yara, ga sanyi.

"Ciwon daji ne. Bara aka cire, ba karatu na je ba. Wannan jaka ce likitoci suka sa, suna ƙara mata ruwa don fata ta buɗe, daga baya su gyara wurin. Ita ke matse rigar. Aman kuma magani ne. Ba ni da ciki, Hajiya. Ban taɓa sanin namiji ba."

Inna sai shessheka take.

"Yaron nan ya sani?" in ji Hajiya.

"Tun ranar farko."

Hajiya ta lumshe ido. Da ta buɗe, tambayoyinta suka zo ɗaya bayan ɗaya, ba hayaniya.

"Zai shayar?"

"Wannan ba zai yi ba. Na dama zai yi, in Allah ya kawo."

"In Allah ya kawo yaushe?"

Da ta so, da ta ce nan kusa. Amma ta riga ta tuɓe, me ya rage?

"Likita ya ce sai na yi wasu shekaru ina shan magani kafin a yi maganar haihuwa."

"Ciwon fa? Ya tafi ke nan?"

"Suna sa rai. Ba su yi mini alkawari ba."

Hajiya ta zare hannunta a hankali ta ɗora a cinya. Da ta yi magana, ba da Murjanatu take ba, da kanta take, kuma shi ya sa maganar ta fi ciwo.

"Da ma a ce cikin ne."

Murjanatu ta ji ta har cikin ƙashi. Ba ta yi fushi ba, abin mamaki. Ta dai ji wata irin gajiya ta sauko mata, ta fara mayar da maɓallanta ɗaya bayan ɗaya.

Hajiya ta miƙe.

"Allah ya ba ki lafiya, 'yar nan. Mun ɗauki alhakinki, ki yafe mana. Hanatu, bakin da ya kai waccan magana shi zai bi gida gida ya dawo da ita." Ta ɗaga labule ta fita tsakar gida. "Kai! Shigo ka fitar da akwatunan nan."

Gidan Ladan ba wani girma gare shi ba, duk abin da aka faɗa a ɗaki ya isa zaure. Muktar ya shigo idonsa jajir. Bai kalli kowa ba. Ya sunkuci babban akwatin ya ɗora a kafaɗa, ya ratsa tsakar gida. Murjanatu ta bi bayansa da kallo daga bakin ƙofa, tana cewa a ranta, shi ke nan, dama haka zai ƙare.

Da ya kai bakin zaure sai ya sauke akwatin, ya gitta shi a hanya, ya zauna a kai.

"Me ke nan?" in ji Goggo. "Mota za ka kai."

"Ba zan kai ba, Goggo."

"Tashi," Hajiya ta ce.

"Hajiya, shekara guda ina yi miki ƙarya. Na bari an zagi yarinyar nan da abin da ba ta yi ba don ina tsoron ranar yau. To ga ranar ta zo. Ki yafe mini, amma ba da hannuna za a fitar da kayan nan ba."

"Muktar!"

Sunan ya faɗo tsakar gidan kamar an saki kwano. Goggo ta dafe baki. Shi kansa sai da ya ɗago, don bai taɓa jin sa a muryar uwarsa ba.

Hajiya ta sa hannu a ƙarƙashin mayafinta, ta kama wuyan riga.

"Ka tashi, ko in ɗaga maka shi a gaban mutanen nan."

Ba wanda bai san abin da take nufi ba. Uwa in ta ɗaga wa ɗa nonon da ya sha, ta tsine masa ke nan, kuma ba a ganin ɗan ya ƙara yin albarka. Inna ta zube tana roƙo. Matan maƙwabta da hayaniya ta jawo suka cika bakin ƙofa.

"Muktar, ka tashi," Murjanatu ta ce, muryarta a dushe. "Don Allah ka tashi. Ni an yanke mini abu na rayu. Kai in aka yanke ka daga uwarka ba likitan da zai gyara. Ban roƙe ka wannan ba."

Bai tashi ba. Ya sunkuyar da kai ya buɗe tafukansa a kan gwiwa, yana jira.

Hannun Hajiya ya shige cikin rigar. Murjanatu ta rufe ido, ta buɗe. Hannun dama ne, wanda ɗazu ta ɗora a ƙirjinta. Ta ga ya isa inda za shi ya tsaya. Ta ga fuskar matar ta sauya, kamar wadda ta taɓa nata mai ɗumi da laushi ta tuna wancan. Idonsu ya haɗu.

A hankali hannun ya fito, babu komai. Hajiya ta dube shi, ta goge shi a mayafi, ta sake dubawa.

"Hanatu, mu je mu nemi tasi."

"Akwatunan fa?"

"Ba yau ba."

Ba ta ce ta yarda ba, ba ta kuma kalli ɗanta ba. Ta raɓa ta gefen akwatin, matan bakin ƙofa suka dare, ta wuce.

Muktar ya ɗago kai daga inda yake zaune.

"Murja. Alhamis zan zo in kai ki."

Ta so ta ji daɗi. Ta lalubi daɗin a ranta, ta tarar gajiya ta riga shi zama.

"In za ka zo, ka fara gaya wa Hajiya inda za ka. Kuma akwai benci a ƙofar ɗakin Dokta. Can ake jira."

Ta koma ɗaki. Soson yana nan a kan tabarma inda ta ajiye shi. Ta ɗauka, ta juya shi a hannu, ta jefa a kan akwatunan da suka rage. Sannan ta zura hijabinta da hannu ɗaya ta fito, ɓangare ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, ta nufi matan da ke tsaye a bakin ƙofa har yanzu.

"Ku shigo mana," ta ce. "Tsayuwa ba ta yi mini. In tambaya ce, ku zauna in ba ku amsa."